Shekarar da Na Hana Kitse Shiga Gidana

'Ya'yana, akwai maganar da kuka tashi kuka tarar ana yi a Bande, wasunku har sun yi dambe a kanta suna yara. Ana cewa ubanku shi ne mahaucin da ya hana matarsa nama tana jego, kuma wai wannan rowar ce ta sa sarautar fawa ta tsallake shi ta faɗa kan ƙanensa. Ban taɓa tsayawa a kasuwa na kare kaina ba, don ba a ja da bakin kasuwa. Amma yanzu ido ya yi rauni, hannu ya daina riƙe wuƙa, waɗanda suka ga abin da idonsu kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. To bari ku ji daga bakina.

A zamanin Nasara ne, shekarun da gyaɗa ta ruɗa ƙasar Magarya. Da an yi kaka aka buɗe tireti, wato cinikin gyaɗa, sai ka ga raƙuma da jakai jere sun nufi sikeli. Manomi ya sayar, ya biya lanho, wato haraji, ya saya wa matarsa zane, abin da ya rage kuwa tukubar mai tsire yake nufa da shi. Mu mahauta a wannan ɗan lokacin muke cin shekararmu. Babana shi ne Sarkin Fawan Bande, kuma kowace tireti yakan kwashe mu mu koma kasuwar Magarya da yanka. A lokacin girma ya fara kama shi. Ni Idi, ɗansa na fari, ni ke riƙe da wuƙa, ƙanena Habu yana bayana. Babu wanda ke shakkar wa zai gaje shi.

Cikin daminar shekarar da nake ba ku labari uwarku Rabi ta haifi Salisu. Ni kuwa na ce sai Bande ta san matar mahauci ce ta haihu. Ƙauri na kawo, tozo na kawo, bargo da kitsen ciki, ga man shanu daga ruga. Romon da ake dafa mata, in ya huce sai ka sa cokali ka fasa man da ya daskare a kai. Mata masu zuwa barka suna fita suna yaba ni, ni kuma ina jin kaina a sama.

Ba a yi arba'in ba ciwon ya fara. Takan ci abinci lafiya, a jima kaɗan sai ta dafe ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama ta durƙushe. Ta ce kamar an soka mata tsinke mai zafi, yana ratsawa har allon kafaɗa. Gumi ya karyo mata, ta yi amai mai ɗaci, ta kasa zama ta kasa kwanciya. Uwarku mace ce da ko a naƙuda ba a jin muryarta, amma wannan ciwo sai da ya sa ta ciji zane. Aka yi rubutu ta sha, wanzami ya yi mata ƙaho, aka yi hayaƙi. In ya lafa mu ce an dace, in ƙara kawo nama don ta mayar da jiki, sai ya dawo fiye da na da. Na kai ta gidan likita a Magarya. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, mutumin kirki ne. Ya danna cikin, ya ce yana zaton matsarmama ce, ya ba da ƙwayar rage zafi, ya ce in abin ya matsa sai Damagaram, can ne ake tsaga ciki. Da uwarku ta ji haka sai ta ɗaura zanenta ta yi waje. A hanya ta ce mini:

"Maigida, mahauci nake aure. Na san abin da wuƙa ke yi wa ciki. Ba da ni ba."

Ina da gwaggo, ƙanwar babana, Gwaggo Tasalla, tana aure a Yekuwa. Ta san itatuwa, mata daga ƙauyuka suna zuwa wurinta. Na ɗauki jaki na je na zo da ita. Ba ta kwance ƙullin magani ko ɗaya ba ranar da ta iso. Zama ta yi a tsakar gida tana kallon abin da ake dafawa da abin da ake ci. Ta tambayi uwarku ranakun da ciwon ya tashi, da abin da ta ci kafin ya tashi. Ranar tozo ya tashi. Ranar ƙosai ya tashi. Ranar da ta sha kunu kawai, lafiya ta wuni. Sai Gwaggo ta kira ni gefe.

"Idi, in ka fasa tsohuwar saniya, ba ka taɓa samun wani abu cikin matsarmama ba?"

Na ce, "Nakan samu, Gwaggo. Wata 'yar tsakuwa, ja-ja haka."

Ta ce, "To mutum ma yana yi. Jakar nan, duk lokacin da mai ya sauka ciki sai ta matse ta zubo ruwanta. In da tsakuwa a bakinta fa? Kai ke saya wa matarka ciwo a kasuwa kana kawo mata a tasa."

Na tambaye ta ko tana da abin da zai narkar da tsakuwar.

"Duk wanda ya ce maka zai narkar da dutse da ganye, ka yi masa sallama. Abin da na iya shi ne in lallashe ta ta kwanta. Amma ka riƙe wannan: ranar da ka ga idonta ya yi rawaya ga zazzaɓi, ya wuce ƙwaryata. Kada ka neme ni, ka nemi hanya."

Daga ranar girkin gidana ya sake. Babu kitse, babu bargo, babu man shanu, babu man gyaɗa, ko ƙuliƙuli aka daina sa wa kwaɗo. Da safe ruwan ɗumi da lemun tsami. Kunun tsamiya maimakon na gyaɗa. Fura da tsala, nonon da aka riga aka cire wa mai. Zogale dafaffe, tafasa, miyar yakuwa, tuwo kaɗan. Gwaggo ta ce ta riƙa ci kamar kaza, tsinta-tsinta, kada ta cika ciki kuma kada ta bar shi wayam. Ta haɗa mata jiƙon saiwar rawaya, ɗan ludayi safe da yamma. In ta ji alamar ciwon, a soya yashi a kasko a ƙulle a tsumma a ɗora mata a haƙarƙari. Nama kuwa ba a hana gaba ɗaya ba, ku ji da kyau. Tsoka zalla nake zaɓowa, in zauna da ƙaramar wuƙa in bi ta in cire duk wani fari, a dafa a kwashe abin da ya taso. Kuma na ce tukunya ɗaya za a yi. Ba zan zauna ina tanɗe man tozo matata tana kallona da zogale a gabanta ba. Abin da ta ci shi na ci.

Ciwon ya kwanta. Ta fara barci, ta fara dariya, nono ya wadaci Salisu. Sai dai ta faɗa, wuyanta ya fito, alhali mai jego da aka saba gani tana sheƙi ba haka take ba. Nan fa baki ya buɗe. Mata masu shigowa ɗibar wuta suka leƙa tukunya suka ga miya ba ta da ido. Kafin mako ya zagayo labari ya kai rijiya, ya kai kasuwa. Abokan sana'ata in na wuce sai wani ya ɗaga kitse ya ce, "Idi, ko a ƙunsa maka ka kai wa maƙwabta?" A yi dariya. Babana kuwa na ga ya daina shigowa sashena cin abinci.

Labari ya kai Kwaya, garin su uwarku. Wata safiya sai ga Inna, kakarku ta wajen uwa, a kan jaki, da ƙwaryar man shanu a cinyarta. Kun san tsakanin mutum da surukarsa. Tun da na auri 'yarta ban taɓa haɗa ido da ita ba, in na hango ta a hanya sai in ratse. Na durƙusa daga bayan danga na gaishe ta. Ba ta amsa mini ba, sai ta juya tana yi wa dangar magana yadda zan ji:

"Na ba da 'ya gidan nama don ta ci nama. Ashe gidan akuya na kai ta, ganye safe ganye yamma. In an gaji da ita a faɗa mini, ban rasa hatsi ba."

Uwarku ta yi ta ba ta haƙuri tana bayani. Inna ta ce ita ta haifi tara, kowanne da man shanu ta yi jegonsa, ba a taɓa ce mata akwai dutse a cikin mutum ba sai a gidan marowata. Ta ce 'yarta ta shirya, za ta je ganin gida. Uwarku ta same ni a zaure idonta cike da hawaye.

"Maigida, uwa ce. In na ƙi ta, ina zan kai bakinta?"

Na ce, "Je ki. Amma don Allah ki kula da abin da za ki ci."

Ta ce, "Zan yi iyakar yina."

Na san iyakar yin 'ya a gaban uwarta. Na tsaya a ƙofar gida har jakin ya ɓace.

Ba a daɗe ba aka buɗe tireti, muka koma Magarya. Shekarar ta yi albarka, ban taɓa ganin kasuwa irin ta ba. Babana yana zaune a kan buzu yana kallo, ni ke sayen shanu, ni ke rabon aiki, ni ke magana da masu gari. Wata hantsi ina tsakiyar fiɗa sai ga ƙanen uwarku ya iso daga Kwaya, ƙafafunsa fari fat. Ya ce Inna ta yi ta matsa wa Rabi, har Innar ta yi fushi ta daina cin abinci, sai Rabi ta sha romon rago don ta faranta mata. Tun daga nan ba ta tashi ba. Jikinta zafi kamar garwashi, idonta ya canza.

Na miƙe da wuƙa a hannu na je gaban babana. Ya riga ya ji. Ya ce:

"Kai, ka dubi kasuwar nan. Mahauta suna kallon wanda zai tsaya musu bana. Ka tura Habu ya dubo ta."

Na ce, "Baba, ba Habu ya aure ta ba."

"In ka tafi, ban san abin da za ka tarar ba in ka dawo."

"Na sani, Baba. Ka yafe mini."

Sai ya ce Allah ya ba ta lafiya. Na goge wuƙar, na miƙa wa Habu, na kama hanya ko riga ban sake ba.

Abin da na tarar a Kwaya ba na son tuna shi. Uwarku tana kwance a tabarma, farin idonta ya koma kamar an rina, leɓɓanta sun bushe. A bakin ɗaki ga wanzami ya sa ƙarfe a wuta, za a yi mata sakiya a ciki, wai a fitar da mugun ruwa. Inna tana riƙe da Salisu tana kuka. Ban san lokacin da na tsallaka na tsaya tsakanin wanzamin da ƙofar ba. Ranar ce na fara kallon surukata ido da ido.

Na ce, "Inna, ki gafarce ni. Ke kika haife ta, ba ni da abin da zan biya ki. Amma ƙarfen nan ba zai taɓa ta ba ina numfashi. Damagaram zan kai ta."

Maza suka fara gunaguni, wai yaro ya yi rashin kunya. Sai muka ji muryar uwarku daga ciki, siririya:

"Inna, ki bar shi. Ko yanka ne, ya kai ni."

Inna ta share ido da bakin zane, ta goya Salisu, ta ce ai sai a tashi. Maza suka ɗauki uwarku a kan ƙyauren kara, muna karɓa-karɓa har Magarya. Majo ya yi mata allura, ya fita da kansa ya samo mana wuri a kamiyo, babbar motar kayan wani kanti mai zuwa Damagaram. Muka hau bisa buhuna, kanta a cinyata, Inna ta riƙe mata ƙafafu. Motar ta bi ta Bande, na hango rufin gidanmu, ban ce a tsaya ba.

A babban gidan likita na Damagaram aka ba ta gado. Likitan Nasara ne, da tafinta muke magana. Ya ce tsakuwa ce ta fito ta toshe hanyar ruwan ɗaci, shi ya sa ya koma cikin jini. Ya ce jikinta ya yi raunin da ba zai so ya sa wuƙa ba sai in babu makawa, za a fara da allurai a gani. Muka zauna jiran ikon Allah. Abin da na zo da shi ya ƙare, sai na tafi mahautar birni na nemi aikin fiɗa. Ni ɗan Sarkin Fawa, na koma ana ce mini "kai, zo ka riƙe ƙafa." Ban ji kunya ba ko kaɗan. Da la'asar in dawo da 'yar tsoka da gero, Inna ta girka a murhun da masu jinya ke haɗawa a gindin bishiyar bedi.

Sannu a hankali zazzaɓin ya sauka, idon ya fara washewa. Likita ya ce tsakuwar ta wuce da kanta, amma akwai sauran 'yan'uwanta a jakar, in suka sake toshewa to sai aiki. Ya tambayi abin da take ci a da, na faɗa masa duka. Ya ce a ci gaba da hana ta mai, jiƙon saiwa kuwa a dakata da shi tukuna, hanta ta gaji tana son hutu.

Wata rana na dawo daga mahauta da wuri. Na hango Inna a durƙushe gaban tukunya, ba ta san na iso ba. Ta sauke romo ta bar shi ya huce, tana bin samansa da ludayi a hankali, tana kwashe ɗan man da ya taso tana zubarwa a ƙasa. Ta kwashe, ta karkata tukunyar wajen haske ta duba, ta sake kwashewa. Da ta ɗago ta gan ni sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce wa tukunyar:

"A gaya wa mai gidan Rabi, gobe ya nemo zogale. Wannan garin nasu ba su san ganye ba."

Iyakar abin da ya taɓa shiga tsakanina da ita kan maganar ke nan, kuma ya ishe ni.

Ba mu dawo Bande ba sai da tireti ta watse. Gwaggo Tasalla ta zo, na gaya mata abin da likita ya ce game da jiƙon. Ta ce to a bari, hanta tamkar gona ce, in ta gaji sai a huta mata. Ta ci gaba da kula da cimar uwarku har jiki ya dawo. Ba a taɓa tsaga ta ba. Ciwon yakan ɗan taɓa ta in ta yi mantuwa a gidan biki, ta dawo ta soya yashinta, ta koma kan kununta. A haka ta haifi sauranku, a haka ta goya jikoki. Ku da kuka tashi kuna ƙorafin miyar gidanmu ba ta da mai, yau kun san dalili.

Sarauta kuwa, babana ya kira ni ɗakinsa bayan mun dawo. Ya ce mahauta sun taru sun ce Habu ne ya tsaya musu a shekarar da ta fi kowace, shi suke so, kuma mai gari ya yarda. Na ce masa Habu ya cancanta, kuma gaskiya na faɗa, don baffanku ya riƙe fawa da amana har ya mutu. Ba zan ce muku ban ji zafi ba. Tun ina yaro nake ganin rawanin nan a kaina.

Ranar naɗi aka cika ƙofar mai gari. Makaɗan mahauta suna ta kiɗa, ni ina zaune cikin jama'a kamar kowa. Ina jin idanun mutane a bayana, wasu na tausayi, wasu na dariya. Aka fara naɗa wa Habu rawani. Sai wata guɗa ta tashi daga wajen mata, doguwa, mai kaifi, ta rufe kiɗan gaba ɗaya. Aka ja ta, aka ja ta, kamar mai yin ta ba za ta numfasa ba. Kowa ya waiwaya. Uwarku ce, tsaye, Salisu a bayanta, hannu a hanci. Matar da aka ɗauko a kan ƙyaure, wadda jan numfashi kaɗai kan sa ta ciji zane, ita ce ta cika haƙarƙarinta da iska tana yi wa ƙanen mijinta guɗa.

Wani tsohon mahauci da ke kusa da ni ya dafa gwiwata ya ce, "Idi, sai haƙuri. Yau Habu ya samu."

Na ce, "Ya samu, Baba. Amma ka saurara, wannan muryar daga gidana take."